Wasiƙar Zango na Biyu: Maganar Ƙwallo da Karatun Yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyi? Yaranku suna nan lafiya, sai 'yar mura da tarin da hazo ke kawowa kowace shekara, kuma malamin jinyarmu yana tsaye a kansu. Wasiƙar wannan zango kusan duka a kan magana ɗaya take, wadda ta cinye mana taron iyaye da malamai da ya wuce har aka tashi ba a ƙare ta ba, wato maganar ƙwallo da karatu.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Daren da 'yan wasanmu suka dawo daga Yauri, na zaga azuzuwa lokacin firef, wato karatun dare, kamar yadda na saba. A ajin ƙarshe na tarar da wani ɗan bayanmu ya kifa kai a kan littafin Kemistiri, biro na hannunsa, jar ƙasar fili tana nan a ƙwaurinsa, ko safa bai cire ba. Na leƙa shafin. Ya rubuta kwanan wata da kan darasi, layi na biyu kuwa ya karkace ya gangara har ƙasan takarda. Ban tashe shi ba. Yaron nan ya bar makaranta bayan sallar asuba, ya sha hanya, ya yi gudun minti 90, ya sake shan hanya, ga gwaji yana jiransa da safe. A tsaye a wurin na gane cewa laifin namu ne, mu da muka tsara masa ranar. Mun ɗora masa kayan da ko babba ba zai ɗauka ba.

A taron nan wani dattijo ya miƙe ya ce da ni, “Mallam, ni karatu nik kawo shi yi, ba tamola ba.” Ya ƙara da cewa taura biyu ba ta taunuwa, a rufe filin kawai kowa ya huta. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya sayar da buhunan shinkafar da ya yi rani yana ba ruwa a fadama don ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa, yana da haƙƙin ya tambayi inda lokacin yaron ke tafiya. Amma Baba, ba za mu rufe filin ba, kuma ga dalilina. Samari ne ɗaruruwa, daga ɗan shekara 12 zuwa ɗan 18, a cikin katanga ɗaya wata uku. Ƙarfin da ke jikinsu sai ya sami mafita. Duk makon da aka hana fita fili, malaman gidaje sun san abin da ke biyo baya: faɗa a ɗakin kwana, manya suna matsa wa ƙanana, ana haura katanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana. Balle mu a ƙasar Kabi, yaushe muka ɗauki ƙarfin jiki a matsayin shiririta? Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga kokawa da dambe, ya ga tseren kwalekwale da ninƙaya a Matan Fada, sarakuna na zaune suna kallo. Da yawanmu da langa muka tashi a dandali.

Akwai kuma iyaye na ɗaya gefen, kuma gaskiya su ne suka fi hana ni barci. Su ne masu cewa a bar yaro ya bi ƙwallo, wataƙila nan arzikinsa yake. Sunan da ke bakin kowa shi ne Zaidu Sanusi, ɗan Jega, wanda ya koma FC Porto ta Fotugal a 2020, ya ci ƙwallon da ta ba su kofin gasar lig ta ƙasar a gidan Benfica a 2022, ya kuma buga wa Super Eagles. Muna alfahari da shi, kuma babu ɗakin kwanan da ba a ba da labarinsa. Sai dai ina roƙon ku ku tsaya da yamma a bakin kowane fili a Jega ku ƙirga yaran da ke bin ƙwallo ba takalmi, sannan ku tuna cewa daga cikin irinsu mutum ɗaya ne ya kai inda ya kai. Shi kansa a 2024 raunin gwiwa ya ajiye shi watanni masu yawa, alhali yana hannun ƙwararrun likitoci. Yaron da gwiwarsa ta tafi a filin ƙauye, ba kulob, ba takarda, ina ya nufa? Ko wanda ya dace, da wuya ya wuce shekara 35 yana bugawa, sauran rayuwar kuma tana gabansa. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO shi ne mabuɗin jami'a da kwalejin ilimi, kuma shi ne zai sa yaro ya iya karanta takardar kwantiragi kafin ya sa hannu.

Tunda maganar ta zo nan, ku yi hattara da masu zuwa gida suna cewa za su fitar da yaro Turai in an ba su kuɗin biza da na gwaji. Dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Duk wanda ya zo muku da irin wannan, ku turo shi ofishina mu zauna tare. Haka kuma kada wani ya nemi mu rage wa yaro shekaru a takarda don ya shiga gasa. Ba za mu yi ba. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan ƙasa da 17, kuma ko babu na'ura, ba mu tara yaran nan don mu koya musu ƙarya ba.

Ga abin da muka zartar bayan mun zauna da malamin wasanni da malaman gidaje. Fili daga bayan la'asar ne zuwa ƙarfe 6, ba a ƙara ko minti ɗaya, domin yaro ya yi wanka ya sami magariba cikin jam'i. Atisayen sassafe da ake yi kafin a shiga aji mun soke shi, saboda shi ke sa gyangyaɗi a darasi na uku. Wasan waje sai ranar Asabar, kuma dole mota ta shigo makaranta kafin rana ta faɗi; halin hanyoyinmu ba sai na faɗa muku ba. In gari ya yi nisa kamar Zuru, ko dai a kwana a makarantar da ta karɓe mu, ko a haƙura da wasan. 'Yan ajin ƙarshe za su ajiye wasan waje daga ƙarshen wannan zango har su gama jarrabawa, amma ƙofar fili a buɗe take gare su da yamma.

Dokar da ta fi zafi ita ce ta benci. Duk wanda ya faɗi gwajin Turanci ko Lissafi, ko bai miƙa aikin aji ba, ba zai sa rigar makaranta ba har sai ya gyara, ko shi ne kyaftin. Mun riga mun gwada ta a kan golanmu, yaron da duk makaranta ke ji da shi. Ya zo ofis idonsa ya yi ja, ya durƙusa, ya ce a yafe masa wannan karon kawai. Na ce a'a, raina kuma bai so ba. Aka buga ba shi, aka ci mu. Kwana biyu gaisuwar da yara ke yi mini a bakin masallaci ta yi sanyi. Malamin Lissafi, Allah ya saka masa, ya riƙa zama da shi rabin awa kafin firef, suna bin lissafin da ya tsere masa tun ajin baya. A gwaji na gaba ya haye da ƙyar, ya koma ragarsa. Har yanzu yana fama da darasin, amma yanzu shi ke neman malamin.

Sai maganar gidan kallo. Wasannin zakarun Turai ana buga su Talata da Laraba da ƙarfe 8 ko 9 na dare, daidai lokacin firef, kuma mun kama masu haura katanga saboda su. Wanda aka sake kamawa za mu kira mahaifinsa. A maimakon haka za mu riƙa nuna wasa ɗaya a babban ɗakin taro duk Asabar da yamma. Don Allah kada a ɓoye wa yaro waya a cikin garin kwaki ko ƙasan akwati. Saurayi mai tasowa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, wayar kuma barcin take ci.

Zafi na tafe. Daga Maris zuwa Mayu kun san yadda garin nan ke wuce digiri 40, don haka kowane yaro ya zo da gorar ruwa tasa, kuma in azumi ya kama ana dakatar da atisaye mai nauyi. In yaro ya yi targaɗe ko karaya, asibiti za mu fara kai shi a ɗauki hoto, sannan mu kira ku. Muna roƙon kada a ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori kafin likita ya gani. Wanda yake da asma ko sikila kuma bai faɗa mana ba, a sanar da malamin gidansa wannan makon.

Gasar gidaje za ta zo daidai da ranar ziyara, kuma bana mun sa langa da kokawa tare da gudu da tsalle. Ku zo da wuri, a fara da ofishin malamin aji ku duba littattafan yaranku da makin gwajinsu, daga nan mu ɗunguma fili tare. Masu kawo ƙuliƙuli, dabino da fura, a ƙara ko kaɗan ne saboda yaran da iyayensu ke nesa ba za su sami zuwa ba.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Naku,
Shugaban Makaranta