Kwamfuta ta daskare? A duba direban hoto kafin a yi fomatin

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunan gyara, daga Adum har Aboabo a nan Kumasi. Da zarar an kawo kwamfuta an ce tana daskarewa, sai a ce fomatin. A share komai, a karɓi kuɗin mutum, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Sau da yawa laifin na direban hoto ne, wato 'yar manhajar da ke sarrafa katin hoto na Intel, AMD ko Nvidia, kuma ana gama fomatin Windows Update zai sake sauko da shi da kansa.

Wani ɓangare na wannan direba yana aiki ne a cikin kanel, zuciyar manhajar da ke raba aiki tsakanin furosesa, RAM da sauran kayan ciki. Idan Chrome ya maƙale, shi kaɗai ake rufewa. Idan direban hoto ya maƙale, yakan tafi da allon gaba ɗaya. Shi ya sa tun daga Windows Vista, duk lokacin da katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows kan sake tayar da direban, allo ya yi baƙi ya dawo. In abin ya faskara sai shuɗin allo ya fito da VIDEO_TDR_FAILURE da sunan mai laifin: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, igdkmd64.sys na Intel, atikmpag.sys na AMD.

Kafin a taɓa maɓallin kashewa, a danna Caps Lock. Idan 'yar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, kanel na da rai, hoto ne ya tsaya. Sai a danna Windows, Ctrl, Shift da B tare; za a ji ƙara, allo ya ƙifta. Daga nan a buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanan abin da ya faru, a nemi lamba 4101, ita ce shaidar direba ya tsaya ya farfaɗo. Lamba 41 da wasu ke tsorata masu kaya da ita ba ta nuna komai sai cewa na'ura ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ma yana jawo ta.

Gyaran ba wuya. A cire intanet, a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobin dole kawai, a goge direban da DDU, manhajar cire direban hoto, sannan a sa wanda ke shafin kamfanin na'urar, HP ko Dell ko Lenovo. Ga tsofaffin laftof masu katin hoto biyu, wannan ya fi sabon fitowa aminci.

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar galibin furosesan Intel da suka girmi zubi na 8, masu tsofaffin na'urori suna ta barin Windows suna komawa Ubuntu da Linux Mint, nau'o'in Linux. Can ma ciwon yana nan. Bayan an sake kunnawa a buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, a rubuta journalctl -k -b -1 a karanta layukan ƙarshe, a ga ko direban i915 na Intel, amdgpu na AMD ko nouveau na Nvidia ne ya yi ƙorafi. Idan bayan sabuntawa matsalar ta fara, a riƙe Shift ko a danna Esc wajen kunnawa, a zaɓi tsohon kanel a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi. Nomodeset, umarnin da ake sa wa a GRUB don a tashi ba tare da cikakken direban hoto ba, na gwaji ne kawai, kada a bar shi, don hoto zai yi nauyi. Ƙananan laftof masu Celeron N2840 da danginsa kuwa suna da tasu larurar: furosesa ya shiga barcin adana batir ya kasa tashi. A ƙara intel_idle.max_cstate=1 a cikin fayil ɗin /etc/default/grub, a yi update-grub. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma daskarewar takan tsaya.

In duk wannan bai yi ba, a buɗe ƙasan na'urar. Ƙurar hunturu kan toshe fanka har zafi ya haura digiri 90. A hure ta, a sake man sanyayawa da ke kan furosesa, a gwada RAM da manhajar Memtest86+. Idan kuwa zane-zane da launuka na fitowa tun a allon BIOS, kafin Windows ko Linux su tashi, katin ne da kansa ya lalace, kuma gasa shi da bindigar zafi ba ya kai mai kaya ko'ina.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta, Aboabo, Kumasi.