Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni ko Napoleon ya musulunta

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ga tambayar da ka jefo min a gaban jama'a, kuma tunda a fili ka yi ta nima a fili zan ba ka amsa don na san ba kai kaɗai abin ke damu ba. Ka ce ka ji ana faɗa wai Napoleon Bonaparte, sarkin nan na Faransa, ya karɓi Musulunci lokacin da ya je Masar, wai har dokokin da ya kafa ma daga fiƙihun Malikiyya ya kwaso su, turawa ne suka ɓoye mana. Sannan ka ce me ya sa ni da nake koyar da tarihi ban taɓa gaya muku ba.

Ban gaya muku ba ne saboda bai faru ba. Napoleon bai musulunta ba. Amma maganar ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe, kuma tushen nata shi ne abin da ya fi ɓata min rai a duk labarin mutumin nan.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa tukunna. An haife shi 15 ga Agusta 1769 a garin Ajaccio da ke tsibirin Kosika, shekara ɗaya kacal bayan Faransa ta karɓi tsibirin daga hannun Genoa, shi ya sa ma da ya je makarantar soja a Faransa yara suna masa dariyar yadda yake magana da Faransanci. Yana da shekara 16 ya zama hafsa a ɓangaren igwa, yana da 24 ya zama janar bayan ya ƙwato garin Toulon a 1793, kafin ya cika 30 ya gama birkita Italiya da Austiriya. Yaron da ba ɗan kowa ba a Faris. Wallahi a fagen ƙwaƙwalwa da juriya da iya tsara yaƙi ba na jayayya da kowa a kansa, Allah ya ba shi.

To a 1798 ne ya ɗebo sojoji wajen 35,000 ya nufi Masar, ba don son Masarawa ba, so yake ya tare wa Ingila hanyar Indiya. Ya sauka Iskandariyya farkon watan Yuli, kuma tun kafin ya sauka ya sa an buga masa takarda da Larabci a cikin jirgi, da injin buga littafin da suka kwaso daga Rum. Takardar ta fara da bismillah, ta ce Allah ba shi da ɗa ba shi da abokin tarayya, ta ce Faransawa ma Musulmi ne na gaskiya, hujjarsu kuwa ai sun rusa kujerar Fafaroma sun kuma kori mayaƙan Malta da ke yaƙar Musulmi, kuma wai sun zo ne su ceci talakawa daga zaluncin Mamluk, wato sarakunan yaƙin da ke juya Masar a lokacin. Da ya ci Mamluk ɗin a yaƙin da aka yi kusa da dala ranar 21 ga Yuli ya shiga Alƙahira, sai ya kafa majalisa ta malaman Azhar, Shehu Abdullahi al-Sharƙawi ne shugabanta, ya ba da kuɗi aka yi Maulidi a watan Agusta, ya je ya zauna cikin malamai. Kaga daga nan ne labarin ya samo asali.

Amma malaman wancan lokacin ba su ruɗu ba fa. Abdurrahman al-Jabarti, malamin Azhar da ya ga komai da idonsa kuma ya rubuta, ya ɗauki takardar nan ya bi ta jimla jimla yana fito da kurakuran nahawun da ke ciki yana kuma ƙaryata abin da ta ƙunsa, ya ce mutanen nan ba su tare da Kirista ba su tare da Musulmi. Abin da yake ba ni mamaki kenan, mutumin da yake garin ya ji ƙarar igwarsu bai yarda ba, sai mu da muka zo bayan shekara sama da 200 ne za mu yarda?

Kuma ba a daɗe ba tusa ta ƙare wa bodari. Ranar 21 ga Oktoba 1798 mutanen Alƙahira suka yi bore saboda haraji da rushe-rushen da ake musu, suka taru a Azhar, me mutumin naka ya yi? Ya sa aka ɗora igwa a kan tudu aka yi ta ruwan wuta a kan masallacin da unguwannin da ke kewaye da shi, sannan sojojinsa suka shiga cikin Azhar da dawakansu suka ɗaure su a wajen alƙibla, suka watsar da littattafai da Alƙur'anai a ƙasa suna takawa, daga baya kuma aka kama wasu malamai aka kashe. Wata biyu kacal tsakanin Maulidin da wannan. Duk sanda na zo wajen nan a aji sai na ɗan dakata, don ina tuna irin yadda mutanenmu suke ɗaukar Azhar, iyaye nawa ne a Kano da Zariya da Damagaram burinsu a duniya ɗansu ya je can ya yi karatu.

Bai tsaya nan ba. Watan Maris 1799 ya ci garin Yafa a Falasɗinu, sojojin Daular Usmaniyya sama da 2,000 suka miƙa wuya bayan an ba su amanar rayukansu, sai ya sa aka kora su bakin teku aka kashe su, wasu da harbi wasu da wuƙar bakin bindiga don kar a ɓata harsashi. Daga nan ya je ya kasa cin garin Akka, gwamnan garin Ahmad Pasha al-Jazzar da taimakon jiragen Ingila suka hana shi, annoba ta cinye masa mutane ya juyo. Dama tun 1 ga Agusta 1798 Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya ƙone masa jiragen ruwa a Abu Ƙir, don haka a Agustan 1799 sai ya sulale ya koma Faransa ya bar sojojinsa a can. Akwai dai janar ɗinsa ɗaya da ya musulunta da gaske, Menou, wanda ya koma Abdullah Menou ya auri 'yar garin Rashid, ina ganin shi ma yana cikin abin da yake haɗa wa mutane labari.

In ma kana son ka ji daga bakinsa, bayan ya koma ya yi juyin mulki ranar 9 ga Nuwamba 1799, ya faɗa wa 'yan majalisarsa cewa da zama Katolika ya kawo ƙarshen yaƙin Vendée, wani yanki na 'yan Katolika a Faransa da ya yi tawaye, da zama Musulmi ya samu gindin zama a Masar, kuma da Yahudawa yake mulka da sai ya sake gina haikalin Annabi Sulaimanu. To kaji, shi addini a wajensa riga ce, ya duba wacce ta dace da garin ya saka. A 1801 ya shirya da Fafaroma Pius na 7, ranar 2 ga Disamba 1804 kuma ya naɗa wa kansa kambi a cocin Notre Dame, Fafaroman yana zaune yana kallo. Shekarar da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu kenan, ka ga zamaninsu ɗaya.

Maganar doka kuwa, kundin dokar farar hula da aka ƙaddamar 21 ga Maris 1804 lauyoyi huɗu ne suka tsara shi, Portalis da Tronchet da Bigot de Préameneu da Maleville, kuma daga dokokin Rumawa da al'adun lardunan Faransa da abin da juyin juya halin 1789 ya kawo suka haɗa shi. In ka ga ya yi kama da fiƙihu a babin ciniki ko haya ko jingina ba abin mamaki ba ne, mutane ko'ina suna saye da sayarwa, amma je ka duba aure da gado ka ga ko sun haɗa hanya. Fiƙihun Imamu Malik ba ya buƙatar Napoleon ya sa masa hannu kafin ya yi daraja. Shi dai kundin ya yi tasiri ba kaɗan ba, ya daidaita maza a gaban doka ya kuma danne mata ƙarƙashin mazajensu, ya bazu Turai da Kudancin Amurka, daga baya mulkin mallaka ya kawo shi har Nijar. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Tawa da suke cewa lise (babbar sakandare) da bak (jarrabawar gama ta) da firefe (shugaban gunduma), duk tsarin zamaninsa ne, firefe 1800, lise 1802, bak 1808.

Yanzu ga wanda masu yaɗa maganar ba sa taɓa faɗa, kuma mu baƙaƙen fata ya fi shafa. Faransa ta soke bauta a 1794. Napoleon ne ya dawo da ita da dokar 20 ga Mayu 1802. Ya tura surukinsa Leclerc da dubban sojoji tsibirin da yanzu ake kira Haiti, suka yaudari Toussaint Louverture, jagoran baƙaƙen fatan wajen, da sunan zaman sulhu suka kama shi, aka kai shi kurkukun Fort de Joux cikin tsaunuka masu bala'in sanyi ya mutu a can watan Afrilu 1803. A tsibirin Guadeloupe kuma hafsan soja Louis Delgrès da mutanensa ɗaruruwa suka gwammace su tada kansu da albarushi da su koma kangin bauta. Mutanen Haiti dai Allah ya ba su sa'a suka kori sojojinsa suka samu 'yanci 1 ga Janairu 1804. Tun ma yana Masar a 1799 ya rubuta wa Sarkin Darfur Abdurrahman wasiƙa yana neman a aiko masa da bayi baƙaƙe 2,000 majiya ƙarfi waɗanda suka haura shekara 16, wasiƙar ma da bismillah ta fara. Dan Allah ƙanena ka sake karanta wannan.

Sauran labarin ka san shi. Yaƙin Austerlitz da ya ci a 1805 shi ne ƙololuwarsa, 1812 ya shiga Rasha da mutum wajen 600,000 ya tarar da Mosko tana ci da wuta, yunwa da sanyi da cuta suka cinye mafi yawansu a hanya. Aka kai shi tsibirin Elba 1814 ya gudo, aka gama da shi a Waterloo 18 ga Yuni 1815, Ingila ta kai shi tsibirin Saint Helena can tsakiyar teku yamma da Afirka.

Na fahimci abin da ya sa maganar ta yi maka daɗi, kuma ban ga laifinka ba, kowa yana so ya ji wani babba a duniya ya shigo addininsa, nima ina so. Amma ina jin ciwo in ga yaranmu masu kishin addini suna yi wa mutumin da ya ɗaure doki a Azhar addu'ar rahama da sunan ɗan uwa, alhali ba su taɓa jin sunan Jabarti ba, ba su san waɗanda aka kashe a bakin tekun Yafa ba. In kana son ka yi karatunsa ka yi, akwai abin koyo sosai a yadda yake tsara aiki da zaɓen mutane bisa cancanta, ni kaina ina koyar da shi duk shekara.

Ya mutu 5 ga Mayu 1821 yana da shekara 51. A wasiyyar da ya rubuta da hannunsa 'yan makonni kafin nan, abin da ya fara sa wa shi ne yana mutuwa a kan addinin cocin Rum da aka haife shi a ciki, kuma limamin Katolika ne, Vignali, ya yi masa addu'ar ƙarshe. A 1840 aka ɗauko gawarsa aka mayar Faris, tana Les Invalides har yau.

Ka gaida su Baba da mutan gida.

Yayanka.