Ɗan aiken da ba ya gani sai abin da aka rubuta masa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wani ɓangare na ƙirƙirarriyar basira da ba a cika tattauna shi ba, duk da cewa matasanmu a Birnin Kebbi da Aliero sun fara gina manhajoji a kansa. Manhajar da ke amsa tambaya kawai daban take da wadda ake aike, wato wadda za a ce mata ta duba farashi ko ta tura saƙo, ita kuma ta zaɓi kayan aikin da za ta ɗauka daga cikin ƙananan manhajojin da aka jona mata. Irin wannan ɗan aike ba ya leƙa cikin kayan ya ga yadda aka ƙera su. Abin da ake miƙa masa shi ne sunan kayan, da ɗan bayanin abin da suke yi, da jerin abubuwan da ake shigar musu. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhaja wannan hanya a watan Yunin 2023, sannan kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP a watan Nuwamban 2024 domin haɗa 'yan aiken da kayan aiki iri-iri, amma a duk tsarin biyu, bayanin da mutum ya rubuta da hannunsa shi ne idon ɗan aiken.

Na ga haka da idona a ƙungiyar manoman shinkafa da nake riƙe wa littafi a nan Argungu. Wani ɗanmu mai hazaƙa ya haɗa mana ɗan aike a WhatsApp, kuma a bayanin ɗaya daga cikin kayan aikinsa ya rubuta jimla guda tak da Turanci, wadda ma'anarta ita ce yana kawo farashin shinkafa. Bai faɗi ko shanshera ce ko gyararriya ba, bai faɗi ko buhu ake nufi ko tiya ba, bai kuma faɗi kasuwar da aka ɗauko farashin ko ranar da aka ɗauko shi ba. Wani dattijo mai buhunan shanshera ya tambaya, aka ba shi farashin gyararriya, ya tafi kasuwar Jega yana ta ja-in-ja da dillalai har la'asar. Da ya dawo bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, wannan yaron naka na waya bai taɓa zuwa kasuwa ba." Lissafin manhajar daidai yake; aiken ne aka bayar rabi da rabi.

Saboda haka nake ganin auna ingancin bayanin nan aiki ne mai zaman kansa, kuma bai kamata wanda ya rubuta shi ya zama alƙalinsa ba, domin shi ya riga ya san abin da yake nufi. Gwaji mafi sauƙi shi ne a miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, a tambaye shi yaushe zai ɗauki wannan kayan aiki, yaushe zai bar shi, me zai shigar masa, me kuma zai samu. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ɗan aiken zai yi kame-kame, sai dai shi ba zai nuna shakka ba.

Bayan wannan sai a tara tambayoyin gaske, yadda manoma ke furta su da Hausarsu, ba yadda mai manhaja ke zato ba, a jera wa ɗan aiken, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da suka dace, sau nawa ya shigar da ma'aunin da ya dace, sau nawa kuma ya tsaya ya nemi ƙarin bayani a inda tambaya ta zo a dunƙule. Wannan na ƙarshe shi na fi bai wa muhimmanci. In an canza ko da kalma ɗaya a bayanin, sai a maimaita gwajin daga farko. Da ɗan namu ya raba kayan aikin kashi biyu, na shanshera da na gyararriya, ya rubuta ma'auni da kasuwa da rana a kowanne, ya ƙara da cewa a tambayi manomi in bai fayyace ba, ruɗanin ya kau ba tare da an taɓa sauran manhajar ba.

Masu ɗauko kayan aiki kyauta daga intanet kuma su karanta bayaninsu kafin su jona, domin masu binciken tsaro sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikinsa, ɗan aiken ya bi ba tare da mai waya ya sani ba.

Ina kira ga malaman kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da su sanya rubuta wannan bayani da gwada shi cikin abin da suke bai wa ɗalibai maki a kansa, su kuma tura su kasuwannin Jega da Argungu su jiyo yadda ake tambayar farashi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Argungu, Jihar Kebbi