Amsa ga Baba Malamin Gona: dalilin da ya sa na jera kututture a filin makaranta

Assalamu alaikum Baba Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali, ya kuma sanyin nan da ya shigo da ƙarfinsa.

Ban ji shirin da kunnena ba, ina aji a lokacin. Wata ɗalibata ce ta naɗo muryarku a waya ta kawo mini washegari, tana ta dariya, wai an kai ƙarar Malam gidan rediyo. Abin da kuka ce bai da tsawo: "Wannan malamin zane da ya tara kututture da ledar bola a filin makaranta, wai yana faɗakarwa kan hamada, ya fito ya gaya mana bishiya nawa ya dasa. Ko wasan Turawan da suka ƙoshi ne ya kwaso mana?" Tunda a gaban Katsinawa kuka yi tambayar, bai kamata in zo zaure in raɗa muku amsar ba.

Bishiya goma sha ɗaya na dasa a rayuwata. Huɗu ne ke raye. Awaki sun cinye biyar, biyu kuma na yi tafiya hutu ban bar wa kowa amanar ban ruwa ba. Ku da kuka kwashe shekara talatin kuna yawo da babur a ƙauyukan Kaita da Mashi da Mai'aduwa kuna raba dashe, kuna lallashin manoma su kewaye shi da ƙaya, ba ni da bakin da zan yi muku gardama a wannan fage. In da adadin bishiya ake auna mutum, ban kai ɗaukar muku buta ba.

To amma kun kira abin da na yi baƙo, kuma nan ne nake neman izini in ja da ku kaɗan.

Ku tuna ɗakin amarya na da. Mata su wuni suna jere: kwalla kan kwalla, fanteka, langa, tasa, tun daga ƙasa har ta kusa taɓo rufi, babba a gindi ƙarama a sama, mai jan fure kusa da mai kore. Ba a dafa komai a yawancinsu. Kwano ɗaya a kasuwa kwano ne kawai, amma in aka jera ɗari a bango, duk wadda ta ɗaga labule ta shigo ta karanta magana ba tare da an buɗe baki ba: ga gatan yarinya, ga ƙoƙarin uwa, ga yawan dangi. Dalar gyaɗar Kano ma haka take. Buhu ne aka ɗora kan buhu don jiran jirgin ƙasa, amma har yau hotonta ake nunawa in ana son a ce Arewa ta taɓa yin arziki. Abin da masu fasahar zamani ke yi ke nan: maimakon su zana abu a takarda, sai su ɗauko abin da kansa, su shirya shi a wuri yadda mutum zai shiga ciki, ya zagaya, ya taɓa, ya shaƙi warinsa. Ni dai da nake koya wa yara, jere nake ce masa, kuma ban taɓa samun wanda bai gane ba. (Wani abokina ya ce in kira shi girka, na ce a'a, kada iyayen yara su ɗauka bori muke yi.)

Ga abin da ke filin, tunda na ji ba ku je ba. Kututture sittin da uku ne, an jera su sahu-sahu da tazarar da za a ce kurmi ne, yadda in ka shiga tsakiya sai ka ji ya kamata a ce kana cikin inuwa, alhali rana na dukan ka a ƙeya. Ban sayi ko ɗaya ba, don na san da na saya kuɗina ne zai koma daji ya sare wata. Aro na yi wajen wani mai sayar da itace da ke bayan ganuwa, da sharaɗin duk wanda ya samu mai saye zai zo ya ɗauke. Shi ya sa jeren ke raguwa kullum. Mun fara da sittin da uku, jiya na ƙirga arba'in da ɗaya. Duk gurbin da aka ɗauke kututture, yara na zuba toka su yi da'ira. Sauran sun tafi gidan burodi da murhun masu abinci, wataƙila ma har da tuwon da na ci daren jiya.

Ledar kuwa, ɗalibai ne suka tsinto ta daga hanyarsu ta zuwa makaranta cikin mako guda, muka ƙulla ta a igiya muka ja daga kututture zuwa kututture a madadin ganye. A tsakiyar fili, kan wani turmi da aka kife, akwai wani dunƙule baƙi mai girman kan yaro, tauri kamar kanwa. Wani mahauci ne ya ba ni. Daga tumbin tunkiya ya ciro shi. Ya ce mai ita ya kawo ta ne don tana ta ramewa, ga dusa ga harawa amma ba ta ƙiba, da aka farke ciki sai ga leda ta murɗe da igiyar buhu ta cika wurin abinci. Na wanke, na shanya. Babu wanda ya zo filin nan bai tsaya a kansa ba, kuma kusan kowa sai ya ce shi ma ya taɓa rasa dabba a haka.

Na yi kuskure a farko, ba zan ɓoye ba. Ban ɗaure ledar da kyau ba, iskar hunturu ta kwashe rabi ta watsa gidajen maƙwabta, mai faɗakarwa kan bola ya zama mai raba bola. Sai da muka bi gida-gida muna tsinta muna ba da haƙuri.

Abin da ya sa ban rushe jeren ba bayan wannan abin kunya shi ne wata tsohuwa. Jikanta ta zo ɗauka, ta ga taro ta leƙo. Ta tsaya gaban wani kututture, ta sa farce ta ɓanɓaro ɓawon, ta kai hanci, ta ce, "Wayyo, ɗorawa ce. Wane marar tsoron Allah ne ya sare ɗorawa?" Ta matsa gaba ta ƙwanƙwasa wani da sandarta, ta ce ƙirya, da ita ake turmi, gawayinta maƙera ke nema. Wancan marke. Wancan kanya. Wancan aduwa, ga ƙayar nan ba ta gama zubewa ba. Yara suka bi ta a baya kamar ana rabon alewa. Kafin ta zo na tambaye su sunayen itatuwan da suka sani, aji guda mai yara sama da hamsin, abin da suka iya kawowa bai wuce bedi da mangwaro da turare da kuka ba. Yarinya ɗaya ta ce ta san daddawa, amma ta ɗauka a kamfani ake yin ta kamar dunƙulen miya. Tsohuwar nan ta zauna kan kututturen ɗorawar ta yi musu bayanin kalwa, yadda ake dafa ta, a surfe, a rufe ta kwana ta yi wari, da yadda suke shan garin ɗorawa suna yara har bakinsu ya yi rawaya. Na shekara ina koyarwa ban ga yara sun yi tsit haka ba.

Kututturen nan fa kullum suna ganin irinsa a bakin titi, an lafta wa mota har tana rangaji. Sabo ne ya rufe musu ido, mu ma ya rufe mana. Da aka ɗauke shi daga inda aka saba ganinsa aka tsayar da shi inda bishiya ya kamata ta tsaya, sai ya daina zama itacen girki ya koma gawar wani abu mai suna.

Batun Turawa kuma. Gaskiya ne akwai su a ciki, amma wanda duniya ta fi girmamawa a wannan fanni daga nahiyarmu, a ƙasar nan ya yi aikinsa. El Anatsui ɗan Gana ne, ya zo Jami'ar Nsukka koyarwa a 1975 ya zauna shekaru da dama. Murafun kwalaben giya da aka zubar yake tarawa, a daddake su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama wani abu kamar ƙaton bargo mai ƙyalli da ke rufe bango guda. A 2015 aka ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa a babban bikin fasaha na birnin Benis da ke Italiya. Ɗalibinsa Bright Ugochukwu Eke ya yi aiki a Fatakwal, ruwan sama ya yi masa lahani a fata saboda hayaƙin da masana'antu da ƙona iskar gas ke turawa sama, sai ya ƙulla gurɓataccen ruwa a ƙananan ledoji masu ɗimbin yawa ya rataye su kamar ɗigon ruwan da ya tsaya a iska. Ga kuma Ibrahim Mahama na Tamale a arewacin Gana, wanda ke karɓar tsofaffin buhunan algarara daga 'yan kasuwa, buhunan da suka fara da ɗaukar koko suka ƙare da ɗaukar gawayi, a ɗinke su a lulluɓe manyan gine-gine da su. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya san warin buhun nan. Waɗannan ba ƙoshi ya sa su ba.

Akwai Bature ɗaya da nake jin zai burge ku. Joseph Beuys, Bajamushe. A 1982 ya sa aka jibge dogayen duwatsu 7,000 a dandalin da ke gaban gidan tarihi na birnin Kasel, ya ce ba za a ɗauke ko ɗaya ba sai an dasa bishiya an kafa dutsen a gefenta. Mutanen gari suka yi ta ƙorafi an ɓata musu dandali, amma hanyar kawar da tulin guda ce: a yi dashe. Shekara biyar aka yi ana yi. Shi ya rasu a 1986, ɗansa ne ya dasa ta ƙarshe a 1987, kuma itatuwan na nan suna ba da inuwa. Daga gare shi na ɗauko dabarar jeren da ke raguwa, sai dai nasa dashe ke rage shi, nawa kuwa wuta.

Ba duka nake karewa ba. Olafur Eliasson ya sa an kwaso manyan ƙanƙara goma sha biyu daga tekun Girinlan aka jera su kamar agogo a Faris a 2015, lokacin taron duniya kan sauyin yanayi, don mutane su taɓa su ga suna narkewa. An ce abin ya taɓa zukata, ban musa ba. Amma ƙanƙarar nan a jirgin ruwa da manyan motoci masu firji ta yi tafiyar, mai aka ƙona kafin ta iso. A nan in kuka ce wasan ƙoshi ne, Baba, ina bayanku. Ma'aunina ɗaya ne: abin da aikin ya ci kada ya fi abin da ya nuna. Namu filin bai ci komai ba sai igiyar naira dubu biyu da kuɗin amalanke.

Wani abu kuma da ba ku tambaya ba, amma wasu sun tambaye ni a masallaci. Babu siffar mutum ko ta dabba a filin nan, ban sassaƙa komai ba. Tun ina ɗalibi a Zariya nake fama da wannan damuwa, ina son fasaha ina kuma gudun abin da malamai suka yi magana a kai. Jere ne ya raba ni da wannan ƙunci. Ice ne da leda da toka.

Kun fi ni sanin abin da ya faru a Maraɗi, nan kusa da mu in an wuce Jibiya. Shekaru aka yi ana dashe yana mutuwa, sai a farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sharewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ce, tohon kututturen da aka sare ne, saiwarsu na raye a ƙasa. Aka koya wa manoma su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su datse saura. Da haka miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin Nijar, musamman gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani dabba ta samu abinci. Ba a kawo sabon iri ba, ba a haƙa rijiya ba. Kututturen da kowa ke gani ne wani ya sake kallo. Shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, wato shingen itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, zai buƙaci masu dashe irinku, zai kuma buƙaci yaran da in sun ga tohon gawo a gona za su san sunansa kafin su ɗaga fartanya.

Yanzu ga roƙona. Cikin kututturen da suka rage akwai tara da har tsohuwar nan ba ta gane ba, ɓawonsu ya zube. Mai itacen ma ya ce shi a mota ake kawo masa, ba ya tambayar suna. Na san ku da ganin jijiyar ice kuna faɗin ko mene ne. Ranar Asabar bayan la'asar za mu kasance a filin, ni da yara. Sun haƙa ramuka a cikin da'irorin tokar nan guda ashirin da biyu, amma ban bari an sa komai ba, don ban san abin da zai kama a ƙasar wurin ba, kuma kun ji tarihina da awaki. In da hali ku taho da wuri, mai burodi ya riga ya yi cinikin uku daga cikin taran.

Ɗanku,
Malamin zane, Katsina