Wasiƙa daga Adis Ababa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ya sanyin Kano?

Na ga saƙonka kan 'yan Ahbash, ƙungiyar addinin nan ta Lebanon, inda kake cewa tunda suna maulidi, suna ziyarar waliyyai, kuma ba sa ga maciji da Wahabiyawa, to ai namu ne. Malam, ka bi a sannu.

Shehinsu, Abdullahi al-Harari, mutumin Harar ne a nan Habasha, amma a Beirut ya yi suna, ya rasu a 2008. A 1983 almajiransa suka karɓi ragamar wata tsohuwar ƙungiyar agaji ta Musulunci a Lebanon. Mazhabar Shafi'i suke bi, aƙidarsu ta Ash'ariyya, ga alaƙa da ɗarikar Rifa'iyya. Duk wannan ba ni da ja. Abin da ya fara sanyaya mini gwiwa shi ne saurin kafirta mutum, har da malamai irin su Ibn Taimiyya. Shehunanmu sun yi saɓani da shi, amma ba haka suka tarbiyyantar da mu ba.

Sai kuma siyasa. Lokacin da sojojin Siriya ke juya Lebanon yadda suka ga dama, Ahbash a jikin Damaskus suka raɓa. A 1992 ɗan takararsu Adnan Tarabulsi ya shiga majalisa. A 1995 'yan bindiga suka harbe shugabansu Nizar Halabi a Beirut, Allah ya jiƙansa, wannan zalunci ne ƙarara.

Amma abin da ya fi ci mini rai a nan ƙasar ya faru. A 2011 gwamnatin Meles Zenawi, da sunan yaƙi da tsattsauran ra'ayi, ta mara wa majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci baya aka gayyato malaman Ahbash daga Lebanon su horar da limamai. Mutane suka ce ana ɗora musu aƙida da ƙarfin hukuma. Gwamnati ta musanta. Duk da haka kowace Juma'a jama'a suka riƙa cika makarantar Awoliya da masallacin Anwar na Markato suna zanga-zangar lumana, kuma ba 'yan Salafiyya kaɗai ba, har da mutanen ɗarika. A 2012 aka kama 'yan kwamitin da masu zanga-zangar suka wakilta, a 2015 kotu ta ɗaure su da dokar ta'addanci. Dattawan da nake sallah da su, masu carbi a hannu, har yau ransu na ɓaci in an tuna. Ni kam ban yarda ɗan sanda ya zaɓa mini malami ba, ko da malamin ɗarikarmu ne.

Don haka kafin ka raba littattafan nan nasu a zawiyya, ka fara nuna wa Malam Babba ya duba.

Ka gaida mutan gida. In ka samu mai tahowa, a aiko mini da yajin ƙuli da kilishi.

Naka har kullum,
Amininka