Zuwa ga ɗiyata, kan batun maigidan nawa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da baban yara da yaran. Jiya kuka ya hana ki jin abin da nake faɗa a waya, ni kuma barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin ce tun daren da 'yan bindiga suka shiga unguwarku, yau wata uku, maigidan nawa ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara 4, ga shi yanzu yana da 9. Ƙofa ta buga, sai ƙarƙashin gado. Ƙwallon da sai an kamo shi da magariba, ya daina. Kina tambaya ko a ƙara masa lokaci.

Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a firamare, na ga yara iri-iri. Yaro ya tsorata, ya yi mako biyu ko uku yana firgita cikin barci, wannan yakan wuce da rarrashi. Abin dubawa shi ne ko kullum sauƙi ake samu, ko kuwa tsoron ya fara raba shi da abinci da wasa da makaranta. Likitoci ma idan abu irin wannan ya haura wata guda sukan ce a kawo yaro. Naki ya ninka haka sau uku. A kai shi.

Surukarki ta ce iska ce. Kada ki ja da ita. Ki ci gaba da tofa masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ni ma ina yi daga nan. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma Hajiya ta san wannan. Abin da ban yarda ba shi ne bulala, ko a ce za a kai shi wani gida a gyara shi. A garinku ne, a Rigasa, 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gidan mari a 2019, da yara a ciki, wasu da sarƙa a ƙafa.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Bayan rasuwar babanku ƙaninki ya yi irin wannan fitsarin. Na dake shi, na bari yaran layi suka yi masa amalala da tabarma a ka. Maraici ne ke cinsa, ni malama guda ban gane ba. Har yau idan ya zo gaishe ni yana sunkuyar da kai, sai in tuna.

Ki fara da likitan yara, a auna fitsarin, don ciwon mara ko suga ma suna kawo haka. In babu, ki nemi ya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san sunan ne ke tsorata baban yara, kamar yadda mu Kanawa muke jin Dawanau sai gabanmu ya faɗi. Ki fahimtar da shi cewa aikin da ake wa yaro irinsa yawanci zama ne da hira da zane da wasa, har ya iya ba da labarin daren nan jikinsa bai ɗauki rawa ba. In an rubuta ƙwaya, ki tambayi dalili da tsawon lokacin sha. Ki sami littafi ki riƙa rubuta daren da ya firgita da wanda ya kwana lafiya, ki tafi da shi.

Ke ma fa na ji muryarki, ba barcin kike ba. Ki faɗa musu.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo motar Kaduna. Ki shimfiɗa mini a ɗakinsa, ki ce masa uwargidansa na tafe da alkaki.

Mahaifiyarki.