Dariyar jirgin araha: a raba wasa da gaskiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shirinku na wasiƙun masu sauraro kan hotunan barkwanci da suka cika WhatsApp da Facebook, masu yi wa kamfanonin jirgin sama na araha ba'a. Nan fasinjoji a tsaye suna riƙe da igiya kamar a motar kasuwa, can ƙofar ban-ɗaki da ramin jefa kuɗi, wani hoton kuma matuƙi ne yake bi da kwano ana haɗa kuɗin mai. Dariya ba laifi ba ce. Abin da ya dame ni shi ne ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu masu zuwa Maroko da Turkiyya da Turai sun ɗauki wasan da gaske: suna tsoron abin da babu, suna faɗawa ramin da yake akwai.

Maganar ban-ɗakin tana da asali. Shugaban Ryanair, wani kamfanin jirgin araha na Turai, Michael O'Leary, shi ya faɗa a 2009 cewa yana tunanin karɓar fam ɗaya ga mai shiga, daga baya ya kawo zancen kujerun tsayuwa. Ko ɗaya ba a yi ba. Kamfanin da kansa yana raha da kansa a intanet, domin duk wanda ya tura hoton talla ya yi masa kyauta. Hukumomin jiragen sama ba su barin a tashi da fasinja marar kujera da ɗamara. Dole a sami ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma kafin a amince da samfurin jirgi sai an gwada fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Mai ma akwai ajiyar minti 30 da doka ta wajabta bayan na tafiya. Mai araha da mai tsada, dokar guda ce.

Tsimin yana wani wuri. Kamfanonin araha suna sayen jirgi iri ɗaya, kamar Boeing 737, don horon matuƙa da kayan gyara su zama guda. A cikin 737-800 suna jera kujera 189, babu ɓangaren manya, bayan kujerar ba ya kwantawa. Jirgi ya sauka, cikin kamar minti 25 ya sake tashi, domin jirgin da ke ƙasa ci yake ba ya kawowa. Ko kujerar 11A da ake ta dariya a kanta, wai ta taga ce ba taga, ba rowa ba ce: bututun iskar sanyi ne ya bi ta bangon wurin.

To ga inda mutanenmu suke shan kashi. Farashin da aka gani a talla kuɗin zama ne kaɗai, da ƴar jaka mai shiga ƙarƙashin kujera; a Ryanair santimita 40 da 30 da 20. Akwatin da ake sawa a ma'ajiyar sama sayensa ake, na ɗakin kaya na ƙasan jirgi mai kilo 20 shi ma haka, kuma ya fi sauƙi a biya lokacin yanke tikiti. A bakin ƙofar shiga akwai wani kejin ƙarfe na awo; jakar da ta ƙi shiga, tararta takan wuce kuɗin tikitin. A auna da ƙafafun akwatin da mariƙinsa, don su ne suke hana shiga. Mu kuwa ba mu iya tafiya ba tsaraba ba, shi ya sa lissafin yake juye mana.

A Ryanair, rajistar shiga jirgi a waya ake yinta, tana rufewa awa 2 kafin tashi. Wanda ya bari sai ya isa filin jirgi yana iya biyan yuro 55, wajen jika 36 ke nan na sefa. Mai fasfo na Nijar kuma ya je da wuri, a duba masa biza a tebur kafin ya shiga layin bincike.

Sai filin saukar. Tikiti ya ce Paris, amma Beauvais ake nufi, kilomita kusan 85 daga birni, sama da awa ɗaya a bas, da kuɗinsa daban. Frankfurt-Hahn ya fi kilomita 100 daga Frankfurt.

Mafi muni shi ne haɗa tikiti biyu. Mutum ya tashi daga filin Diori Hamani da tikitin wani kamfani zuwa Kasabalanka ko Istanbul, ya sayi na araha daban don ƙarasawa, ya bar awa biyu tsakani. Ba su isa ba. Sai ya wuce ƴan sandan iyaka, ya ɗauki kayansa, ya sake ba da su, ya sake bin bincike, kuma idan ƙasar tana neman biza ga ɗan Nijar, ko wurin kayan ba zai kai ba. In jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗin sun tafi. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 tana ba da diyyar yuro 250 zuwa 600 idan jinkirin isa ya kai awa 3 bisa laifin kamfani, amma ba ta ɗinke tikitin da aka saya daban-daban. Shawarata a bar aƙalla awa 5, ko a kwana, ko a yanke tikiti guda tun daga Yamai ko da ya ɗara tsada.

Akwai kuma ɗaci a dariyar tamu. Tun da Air Afrique, kamfanin jirgin haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, ya durƙushe a 2002, zuwa maƙwabta sau da yawa sai an ratsa ta Lome ko Abidjan, ga haraji da kuɗin filin jirgi sun yi wa tikiti nauyi. Yarjejeniyar Yamusukoro ta 1999 da kasuwar sama ta bai-ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2018 sun yi alkawarin buɗe hanya, har yau talaka bai gani a aljihunsa ba. Ina roƙo ku gayyato wani daga hukumar jiragen sama ta ƙasa, ya zo da tikiti ɗaya na Yamai zuwa Abidjan, ya karanta mana layi-layi nawa ne na kamfani, nawa ne haraji.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Yamai